Jean Bouin, ɗan Marseille da ya ƙwace kambin tseren ratsa daji daga hannun Ingilawa

Duk mai bibiyar ƙwallon ƙafar Faransa ya taɓa cin karo da sunan Jean Bouin, ko da bai lura ba. Shi ne sunan ɗaya daga cikin manyan rumfunan 'yan kallo a filin Vélodrome, gidan ƙungiyar Olympique de Marseille. Shi ne kuma sunan filin wasan da ke maƙwabtaka da Parc des Princes a birnin Paris. Filin ƙungiyar Angers ma da sunan aka san shi har zuwa 2017, lokacin da aka mayar da shi Raymond Kopa. Ƙananan filaye da tituna da ɗakunan motsa jiki masu ɗauke da sunan kuwa birjik suke a garuruwan ƙasar. Mai sunan ba ɗan ƙwallo ba ne, ba kuma ɗan siyasa ba. Ma'aikacin banki ne, gajere kakkaura, wanda ya yi fice a gudu, ya kuma mutu a fagen daga yana da shekara 25 a duniya.

Abu biyu Faransawa suka fi riƙewa game da shi: tseren da ya sha kaye a cikinsa a gasar Olympics ta 1912, da mutuwarsa a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya. Dukkansu labarai ne masu taɓa zuciya, shi ya sa suka danne na uku, wanda a haƙiƙa ya fi su nauyi a tarihin wasanni. Bouin ne mutum na farko da ba Baturen Ingila ba da ya lashe babbar gasar tseren ratsa daji ta ƙasa da ƙasa, ya kuma lashe ta sau uku a jere. Wannan gasa ita ce uwar wadda 'yan Kenya da Habasha suka mamaye a zamanin nan.

Tseren ratsa daji ba a shimfiɗaɗɗen fili ake yin sa ba. Ana sakin 'yan tsere ne cikin gonaki da makiyaya da kurmi, su hau tudu su gangara kwari, su tsallake shinge da rafi. Da hunturu ake yin sa, lokacin da ruwa ya jiƙa ƙasar Turai ta koma taɓo. Asalinsa wasan 'yan makaranta ne a Ingila, kwaikwayon farauta: yara biyu su zama zomaye su yi gaba suna watsa yagaggun takardu, sauran su zama karnuka su bi sawu. Tun cikin shekarun 1830 makarantar Rugby ta mayar da wasan tsere na shekara-shekara. Daga baya manya suka karɓa suka kakkafa ƙungiyoyi, irin su Thames Hare and Hounds da aka kafa a Landan a 1868. Gasar ƙasa ta farko da Ingila ta shirya a 1876 da abin dariya ta ƙare, domin duk 'yan tsere 32 da suka shiga sun ɓace hanya a dajin Epping, dole aka soke sakamakon.

Duk da wannan tuntuɓe, Ingilawa sun ƙware a harkar ƙwarewar da ba ta da na biyu. A 1898 aka haɗa su da Faransawa a Ville-d'Avray, kusa da Paris, sai da ɗan tseren Ingila na ƙarshe ya iso kafin a ga ƙeyar Bafaranshe na farko. Jean Bouin yana ɗan shekara tara a lokacin.

Ranar 28 ga Maris, 1903, aka gudanar da gasar ƙasa da ƙasa ta farko a filin sukuwar dawaki na Hamilton Park da ke Scotland. Sunan ya fi abin girma. Ƙasashe huɗu ne suka shiga, Ingila da Scotland da Wales da Ireland, kuma dukkansu sarki ɗaya ke mulkinsu, wato gasa ce ta 'yan gida ɗaya. Tsarin lissafinta dai mai kyau ne, shi ne ma ya ba ta armashi: akan tara matsayin mutum shida na farko daga kowace ƙasa, wadda jimlarta ta fi ƙanƙanta ita ce ta ci. Saboda haka wanda ya zo na talatin ma yana da abin kare wa ƙasarsa, ba zai tsaya don an wuce shi ba. Alfred Shrubb na Ingila ne ya lashe ta farko da ta biyu, kafin hukumar wasannin ƙasarsa ta kore shi bisa laifin karɓar kuɗi, domin dokar wancan zamani ta haramta wa ɗan wasa cin abinci da wasansa. Faransa ta shiga gasar a 1907, ta karɓi baƙuncinta a Colombes a 1908, Faransawa kuma suka raɗa mata suna Cross des Nations. Shigarsu ba ta sauya komai ba. Shekara takwas na farko, ɗan Ingila ne ke zuwa na ɗaya, tawagar Ingila ce ke ɗaukar kofi.

An haifi Bouin a Marseille cikin Disambar 1888. Birni ne na bakin teku, na 'yan dako da matuƙa jirgi da 'yan kasuwa, mai rana da duwatsu, nesa da korayen makiyayan da tseren ratsa daji ya taso a cikinsu. A 1903, shekarar da aka fara gasar Hamilton Park, yaron ya ga wani ɗan gudun fanfalaki mai suna Louis Pautex yana atisaye a lambun Borély, abin ya shiga ransa, ya fara bin sawunsa. Ya shiga ƙungiyar Phocée Club ta garinsu, ya fara cin ƙananan tsere a yankin.

Wanda ya gan shi a tsaye ba zai ce ɗan gudu ne ba. Tsawonsa bai kai mita 1.70 ba, nauyinsa kusan kilo 70, ga faɗin ƙirji ga kaurin cinya, ya fi kama da ɗan kokawa. Yana kuma da wata ɗabi'a da jaridu suka so ambata, ta yin gudu da tsinken sakace a baki. Sai dai jikin da bai da kyan gani a kan shimfiɗaɗɗen fili shi ne jikin da taɓo ke so. A ƙasa mai santsi, inda kowane taku ke neman riƙe ƙafa, ƙarfin cinya da na baya sun fi tsawon ƙafa amfani.

Sa'arsa ta biyu ita ce aiki. Tunda doka ta hana karɓar lada, talaka mai baiwar gudu yana tsakanin abu biyu ne: ko ya bar wasa ya nemi abinci, ko ya karɓi kuɗi a ɓoye ya jira ranar da za a kore shi kamar Shrubb. Bouin ya samu aiki a bankin Société Générale, wanda ke da ƙungiyar wasanni tasa, CASG. Bankin ya ba shi albashi da sararin atisaye, shi kuma ya sa rigar bankin ya ɗaga sunansa. Kowa ya san me ake ciki, amma a takarda ma'aikaci ne mai gudu don sha'awa, kuma hakan ya wadatar da hukuma.

Fitarsa ta farko idon duniya ba ta yi daɗi ba. A gasar Olympics ta Landan a 1908, yana ɗan shekara 19, an fitar da shi a zagayen farko na mita 1,500. A tseren tawaga na mil uku ya taimaka Faransa ta kai zagayen ƙarshe, amma ranar ba a gan shi a fili ba. Labarin da ya yaɗu shi ne ya fita yawon dare a Landan ba da izinin shugabannin tawaga ba, aka hukunta shi. Abokansa suka karɓi lambar tagulla ba tare da shi ba. Abin kunya ne ga matashin da ake yi wa kallon fatan ƙasa, kuma ga alama ya ji shi har ƙashi, domin Bouin ɗin da aka gani bayan wannan shekara wani mutum ne daban.

Ya lashe gasar ratsa daji ta Faransa a 1909, ya maimaita a 1910 da 1911 da 1912. A 1909 ɗin ya je Derby ta Ingila gasar ƙasa da ƙasa, ya zo na biyu a bayan Edward Wood, abin da wani Bafaranshe bai taɓa kusantar yi ba. A Belfast a 1910 bai kai ƙarshen tseren ba, Wood ya sake ci. Sai Maris na 1911, a Caerleon ta ƙasar Wales, a tsere mai nisan kusan kilomita 16, ɗan Marseille ya riga kowa isowa.

Yana da kyau a tsaya a auna girman abin. Ingilawa ba su ɗauki wannan wasa kamar sauran wasanni ba, sun ɗauke shi gadon gida, wanda ake koya tun daga makaranta, a cikin irin sanyinsu da irin lakarsu. Ƙungiyoyinsu na da ɗaruruwan mambobi da ke fita daji kowace Asabar ta hunturu. Faransa ba ta da ko kusa da wannan zurfi, shi ya sa a duk shekarun Bouin ba ta taɓa ɗaukar kofin tawaga ba, domin mutum ɗaya ba ya zama shida. Amma kambin mutum ɗaya ya fita daga gida, kuma a ƙasar Birtaniya aka ƙwace shi. Masu cewa katari ne sun samu amsa a Edinburgh a 1912, inda ya sake ci. A 1913 gasar ta zo Faransa, aka yi ta a filin jirgin sama na Juvisy a kudancin Paris, ya ci ta uku a gaban mutanensa. Babu wanda ya taɓa cin ta sau uku kafinsa, ko Shrubb, kuma sai bayan shekara 22 Jack Holden na Ingila ya kamo wannan jeri.

Ba baiwa kaɗai ta kai shi nan ba. A zamanin da yawancin 'yan tsere ke atisaye yadda suka ga dama, Bouin ya mayar da abin ilimi. Yana haɗa gudu mai nisa a daji da gudu mai sauri a fili, da motsa jiki na ƙarfafa gaɓoɓi, da tausa, da lura da abinci. A 1912 ya fitar da littafi kan yadda ake zama zakaran gudu, ya kuma riƙa rubutu a jarida. Daga baya ya yi zaman horo a kwalejin 'yan wasa ta Reims, inda ake bin tsarin Georges Hébert na horar da jiki a sarari da gudu da tsalle da hawa da ɗaukar nauyi. A wannan fanni ya riga zamaninsa, kuma abin da ya gane tun lokacin shi ne abin da masu horarwa ke yi har yau: ƙarfin da aka tara a laka da hunturu shi ake kashewa a fili da bazara.

Sakamakon ya bayyana a agogo. Ranar 16 ga Nuwamba, 1911, a Colombes, ya yi mita 10,000 cikin minti 30 da daƙiƙa 58.8. Da hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta zo tantance bajintoci, wannan ne ta rubuta a matsayin tarihin duniya na farko a wannan nisa.

Da wannan suna ya isa Stockholm gasar Olympics ta 1912. Bai shiga mita 10,000 ba, ya tattara ƙarfinsa kan mita 5,000, ya kuma yi zagayen share fage cikin minti 15 da daƙiƙa 5, lokacin da ya tsorata kowa. Wanda bai tsorata ba shi ne Hannes Kolehmainen, siririn saurayi daga Finland, wanda ya riga ya ci zinare a mita 10,000 kwana biyu kafin ranar.

Ranar 10 ga Yuli aka yi karon. Ba a yi nisa ba su biyun suka bar sauran a baya, tseren ya koma na mutum biyu. Bouin ya karɓi gaba ya riƙe, yana ƙara wuta zagaye bayan zagaye, da nufin ya gajiyar da abokin karawarsa kafin a zo ƙarshe. Kolehmainen ya manne masa kamar inuwa. A zagayen ƙarshe ya yunƙura zai wuce, Bouin ya hana, ya sake yunƙurawa, ya sake hanawa. Sai a 'yan mitocin ƙarshe, ana ganin zare, ɗan Finland ya zo kafaɗa da kafaɗa da shi ya tsere masa da abin da bai fi taku ɗaya ba. Agogo ya ba Kolehmainen minti 14 da daƙiƙa 36.6, ya ba Bouin minti 14 da daƙiƙa 36.7. Kafin wannan rana babu ɗan adam da aka taɓa rubuta wa ƙasa da minti 15 a wannan nisa, su kuwa sun zaftare fiye da daƙiƙa 24 daga lokaci mafi kyau da aka sani. George Hutson na Birtaniya, wanda ya zo na uku, sai bayan rabin minti ya iso. Tutar Rasha aka ɗaga wa wanda ya ci, domin a lokacin Finland na ƙarƙashin sarkin Rasha.

Akwai wani ɗaci da ba a cika ambata ba. A wannan gasa ce aka fara sa tseren ratsa daji cikin Olympics, kuma zakaran duniya na shekara biyu a jere yana cikin waɗanda suka tashi. Hanyar Sweden mai duwatsu da hawa da gangara ce, ba irin makiyayan da ya saba ba, ga gajiyar kwana biyar da suka wuce. Bouin bai kai ƙarshe ba. Kolehmainen ya ɗauki zinarensa na uku.

Shekara guda bayan haka ya koma wannan fili na Stockholm, ba don ya kara da mutum ba, sai don ya kara da agogo. Akwai wani gwaji da masu gudun nesa ke girmamawa ƙwarai a wancan zamani: a ba mutum awa ɗaya cur, a auna iyakar nisan da zai ci. Tun 1904 Alfred Shrubb ke riƙe da tarihin da mita 18,742. Ranar 6 ga Yuli, 1913, Bouin ya ci mita 19,021, ya zama mutum na farko da ya haura kilomita 19 cikin awa ɗaya. Watanni kaɗan bayan ya zarce Shrubb a yawan kambin daji, ya karɓe masa na fili ma. Yana da shekara 24, kuma an riga an ba birnin Berlin gasar Olympics ta 1916, inda kowa ke jiran ramuwar Stockholm.

Ba a yi gasar Berlin ba. A farkon Agustan 1914 Jamus ta ƙaddamar da yaƙi a kan Faransa, aka kira duk wani namiji mai jini a jika. Bouin ya shiga runduna ta 163 ta sojan ƙasa a matsayin ƙaramin soja. A ƙarshen Satumba Jamusawa suka kutsa yankin Meuse suka kame garin Saint-Mihiel, aka tura rundunarsa cikin waɗanda za su tare su. Ranar 29 ga Satumba, kusa da ƙauyen Xivray, ɓarɓashin harsashin igwa ya same shi, ya mutu. Jaridun lokacin sun ƙawata mutuwar da kalaman jarumta, kamar yadda jaridun yaƙi suka saba, wasu bayanan kuma sun ce igwar Faransa ce ta faɗa kan mutanenta bisa kuskure. Abokansa suka binne shi a kusa da wurin. Sai a 1922 aka kai gawarsa Marseille, aka sake binne ta a maƙabartar Saint-Pierre.

George Hutson ya riga shi da mako biyu, shi ma a fagen daga a Faransa. Cikin mutum uku da suka karɓi lambobin mita 5,000 a Stockholm, Kolehmainen kaɗai ya ga ƙarshen 1914. Ya rayu har ya ci gudun fanfalaki a gasar Olympics ta 1920, ya rasu a 1966.

Gasar ratsa daji ta tsaya shekara biyar, ta dawo a Belfast a 1920, kuma ƙofar da Bouin ya buɗe ba ta sake rufuwa ba. Joseph Guillemot, wanda iskar guba ta taɓa wa huhu a yaƙin, ya doke Paavo Nurmi na Finland a mita 5,000 a Antwerp a 1920, nasarar da Faransawa suka karɓa a matsayin biyan bashin Stockholm. A 1922 Guillemot ya ci gasar daji a Glasgow, tawagar Faransa kuma ta ɗauki kofin da ya gagari Bouin, karo na farko da ya kuɓuce wa Ingila. Beljiyam ta shigo a 1923, Sifaniya ta biyo baya. Alain Mimoun, haifaffen Aljeriya mai sanye da rigar Faransa, ya ci sau huɗu tsakanin 1949 da 1956. Tunisiya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta shiga a 1958, sannan a 1960 Rhadi Ben Abdesselam na Maroko ya zo na ɗaya a Hamilton Park, filin da 'yan gida ɗaya suka fara abinsu shekara 57 kafin nan. A 1973 hukumar duniya ta karɓi gasar ta mayar da ita gasar cin kofin duniya, Habasha da Kenya suka shigo a 1981, Kenya kuma ta riƙe kofin tawagar maza shekara 18 a jere daga 1986.

Girmamawar da ta fi ba da mamaki daga wajen Faransa ta zo. A 1920 wasu 'yan jaridar wasanni a Barcelona suka shirya tseren kan titi suka sa masa sunan Jean Bouin, kuma har yau ana yin sa, yana cikin tsere mafi daɗewa a Sifaniya. A Marseille an kafa mutum-mutuminsa, wanda ke harabar Vélodrome.

Tarihin da ya kafa a mita 10,000 ya tsaya har 1921, lokacin da Nurmi ya karya shi a Stockholm. Na awa ɗaya ya fi taurin kai. Nurmi ya kwashe kusan duk wani tarihin gudun nesa da ke duniya, ya tara zinare tara a gasar Olympics, amma sai ranar 7 ga Oktoba, 1928, a Berlin, ya iya wuce mita 19,021. Ya ƙara mita 189 a kai, shekara 14 da kwana takwas bayan an kashe mai tarihin a Xivray.